Yadda na bi matakan nutso don neman haƙoran kifin shak a Venice ta Filorida

Ina aiki a birnin Tampa da ke jihar Filorida ta Amurka, kuma a ƙarshen shekarar 2022 ne wani abokin aikina ya ajiye mini wani baƙin abu mai kusurwa uku a kan tebur, girmansa kamar tafin hannun yaro, ya ce in faɗi ko mene ne. Na ce masa dutse ne da aka sassaƙa. Sai ya yi dariya, ya ce haƙorin wani ƙaton kifin shak ne da ake kira megalodon, wanda ya ƙare a duniya shekaru kimanin miliyan 3.6 da suka wuce, kuma shi da hannunsa ya tsinto shi a ƙarƙashin teku kusa da garin Venice. Wannan Venice ɗin ba ta Italiya ba ce, wani ƙaramin gari ne a gundumar Sarasota, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a mota daga Tampa idan aka nufi kudu. Daga ranar da na riƙe haƙorin nan zuwa ranar da na tsinci nawa, wata shida aka yi, kuma kusan rabin wannan lokaci na ɓata shi ne kawai saboda ban san abin da ya kamata ya zo gaba da wanda ya kamata ya biyo baya ba.

Sai da na fahimci dalilin taruwar haƙoran a wannan wuri sannan na san inda zan duba. Kifin shak ba shi da ƙashi irin na sauran kifaye, jikinsa guringuntsi ne, shi ya sa idan ya mutu kusan komai nasa ruɓewa yake yi, sai haƙoran. Su kuwa haƙoran layi-layi suke a bakinsa, na gaba yana faɗuwa na baya yana maye gurbinsa, har kifi ɗaya kan zubar da dubbai kafin ya mutu. A zamanin da teku ta rufe yawancin Filorida, haƙoran sun riƙa nitsewa cikin laka mai sinadarin fosfet, kuma ma'adinan da suka tsotsa a cikinta ne suka mayar da su dutse, suka ba su launin baƙi ko toka-toka. Wannan shimfiɗa ta tsohuwar laka tana kusa da sama sosai a gaɓar Venice, don haka igiyar ruwa ke tono ta tana watso abin da ke ciki. Abin bai kamata ya zama baƙo gare mu ba, domin ƙasar Sakkwato ma tsohon gindin teku ce: farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ruwan teku ta taru, kuma masana sun daɗe suna samun haƙoran kifaye da ƙasusuwan kadoji da suka zama dutse a yankin.

Tafiyata ta farko a watan Janairun 2023 na yi ta, zuwa bakin tekun Caspersen da ke kudu da garin. Na sayi wani kwando na waya mai dogon mariƙi wanda ake ɗebo tsakuwa da shi daga cikin ruwa, a kan dala ashirin da wani abu, na tsaya cikin ruwa iya gwiwa tun hantsi har azahar ina ɗiba ina zubarwa, ban ga haƙori ko ɗaya ba. Wata dattijuwa da ke kusa da ni, wadda ta kusa cika ƙaramar kwalba, ita ce ta tausaya mini. Ta karɓi kwandon, ta juye abin da na ɗebo a kan rariyarta, ta tsamo haƙora uku daga cikin tsakuwar da nake shirin zubarwa. Matsalata ita ce ina neman abu fari mai girman wanda na gani a ofis, alhali yawancin na bakin teku ba su wuce ƙwayar wake ko farcen yatsa ba, kuma baƙaƙe ne masu sheƙi idan suna jiƙe. Ta nuna mini cewa in bar duban farin yashi, in nemi inda baƙar tsakuwa da fasassun bawon katantanwa suka yi layi, in kuma riƙa zuwa lokacin da ruwa ya janye, musamman bayan an yi iska. Ranar na koma gida da haƙora goma sha ɗaya, duk ƙanana, kuma na ci gaba da zuwa kusan kowace Asabar. A lokacin ina ganin wasan yara nake yi kafin in kai ga babban aikin, ban san cewa a nan ne idona ke koyon abin da zai yi mini amfani a ƙarƙashin ruwa ba.

Daga nan na ƙara gaba zuwa iyo da gilashin ido da bututun numfashi, wanda mutum ke kwanciya a saman ruwa fuskarsa a ciki yana shaƙar iska ta bututun. Gilashi da bututu da takalman iyo sun ci mini kusan dala 90. Wannan mataki ba ya buƙatar wata shaida, amma yana da dokar da ban sani ba sai da wani mai kwale-kwale ya daka mini tsawa: a Filorida, duk wanda zai nutsa ko ya yi iyo da bututu a wajen wuraren da aka keɓe wa masu wanka, dole ne ya ja wata jar tuta mai farin layi a karkace, wadda ake ɗora wa a kan abin da ke yawo a saman ruwa, don masu jirage su san akwai mutum. Wadda mutum ke ja da kansa ba za ta gaza inci 12 a kowane gefe ba, kuma a buɗaɗɗiyar teku ana so ya kasance bai yi nisa da ita fiye da ƙafa 300 ba. Na kuma koyi jan ƙafa a kan yashi maimakon ɗaga ta yayin shiga ruwa, saboda kunamar ruwa, wato wani faffaɗan kifi mai harbi da wutsiya, da ke binne kanta a ciki. Amfanin da na samu a wannan mataki kaɗan ne, domin ruwan kusa da gaɓa yawanci a gurɓace yake, kuma numfashina ba ya kai ni in daɗe a ƙasa. Abin da ya tabbatar mini shi ne cewa manyan haƙoran suna can nesa, inda zurfi ya kai mita 8 zuwa 10, wurin da masu nutso na garin ke yi wa laƙabi da filin ƙasusuwa, kuma ba a zuwa sai da jirgi da tukunyar iska.

A nan ne na faɗa ruɗanin takardu. Wasu sun ce mini ba a taɓa komai sai da izinin gwamnati, wasu suka ce babu ruwan kowa. Gaskiyar tana tsakiya. Dokar jihar ta ce duk wanda zai tsinci ƙasusuwan dabbobi masu ƙashin baya da suka zama dutse a filin jiha, wanda ya haɗa da gindin koguna da ruwan gaɓar teku, sai ya mallaki takardar izini, amma ta cire haƙoran shak daga wannan sharaɗi. Wanda haƙori kaɗai yake nema ba ya buƙatar komai. Sai dai a wuri ɗaya ake samun haƙoran da haƙarƙarin wata dabba dangin ayu, da ƙashin kunnen manyan dabbobin teku, da haƙoran tsofaffin dawaki da giwayen zamanin ƙanƙara, kuma waɗannan duka sai da izini. Gidan tarihin halittu na Jami'ar Filorida da ke Gainesville ne ke bayar da takardar, kuɗinta dala 5, tana aiki na shekara ɗaya, kuma ana haɗawa da kwafin katin shaida. Wanda ya karɓa yana aika jerin abin da ya samu da inda ya same shi, jiha kuma tana da kwana 60 ta nemi duk abin da take ganin yana da muhimmanci ga bincike, in ba ta nema ba ya zama nasa. Kayan da mutanen dā suka ƙera, irin su kan kibiya na dutse da fasassun tukwane, takardar ba ta halatta ɗaukarsu ba ko kaɗan. Na cike takardar a watan Fabrairu, ta iso ni bayan 'yan makonni, kuma wannan ne mataki mafi sauƙi da araha a duk tafiyar.

Babban kuskurena a makarantar koyon nutso na yi shi. Na shiga wani shago a Tampa, na biya kusan dala 500 na kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso tana ba su shaida, sai bayan na biya aka miƙo mini takardar tambayoyin lafiya. A cikinta akwai tambaya kan matsalar huhu da numfashi, ni kuwa na yi fama da asma tun ina yaro, har yanzu kuma takan motsa idan na shiga ƙura ko sanyi. Da na amsa da gaskiya, sai malamin ya ce ba zan sa ƙafa ko a tafkin gwaji ba sai likita ya sa hannu. Na rasa ajin da na yi rajista da shi, na jira mako uku kafin in ga likita, shi kuma ya tura ni gwajin huhu inda ake hura iska cikin wata na'ura, na sake jiran mako biyu kafin sakamako da sa hannu. A lokacin raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi tunanin da na sani na rubuta cewa lafiyata ƙalau. Daga baya da aka koya mana yadda iska ke aiki a ƙarƙashin ruwa na gode wa Allah da ban yi haka ba. A zurfin mita 10 matsin da ke kan mutum ya ninka na tudu sau biyu, don haka iskar da ya shaƙa a can za ta kumbura ninki biyu idan ya taso, kuma idan hanyar fitarta ta toshe, huhu na iya yagewa. Likitan ya kuma tambaye ni batun amosanin jini, na gaya masa rukunina. Na kawo wannan ne saboda cutar ta yi yawa a cikinmu, kuma mai ita nutso da tukunyar iska haɗari ne babba gare shi.

Da na kira gida na gaya wa mahaifiyata abin da nake shiryawa, ta yi shiru na ɗan lokaci sannan ta ce, “Kai kuwa me ka rasa a tudu da za ka je nemansa a gindin teku?” Na ce, “Hajiya, da malamai ake shiga, kuma ba a nisa.” Ta ce to Allah ya tsare, amma kada in sake in shiga ban yi addu'a ba.

Kwas ɗin kashi uku ne: karatu ta intanet, darasi biyar a tafkin gwaji, sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Kafin komai akwai gwajin iyo na mita 200 ba tsayawa, da kuma zama a saman ruwa na minti 10 ba tare da riƙe komai ba. Ni da iyon kududdufi na taso da shi, wanda ƙarfi ne da bugun ruwa, na faɗi gwajin farko tun ban kai rabi ba, sai da na yi mako biyu ina zuwa tafki da yamma sannan na ci. Abu na biyu da ya wahalar da ni shi ne gashin baki, domin yana hana robar gilashin manne wa fata, ruwa ya riƙa tsiyayowa cikin hanci. Gemu bai hana komai ba, gashin da ke ƙarƙashin hanci ne kawai na rage, na kuma riƙa shafa masa man silikon. An koya mana fitar da ruwa daga gilashi ta hanyar hura iska da hanci, da toshe hanci a hura a hankali don kunne ya daidaita yayin sauka, da dokar da malamin ya fi maimaitawa, wato kada a taɓa riƙe numfashi. A daidai wannan lokaci gaɓar Sarasota na fama da annobar jan ruwa, wadda wata ƙwayar halitta ke haddasawa, tana kashe kifaye tana sa tari, kuma mai asma ba ya kusantarta. Sai ga azumi ya kama a ranar 23 ga Maris. Na tambayi malamin, ya ce ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ake tsoro ga mai nutso, iskar tukunya kuma busasshiya ce, ga shi ba yadda za a yi ruwa bai shiga baki ba. Na ɗage sauran darasin zuwa bayan salla, na kammala nutso huɗun a wata maɓuɓɓugar ruwa mai daɗi kusa da garin Williston, inda ruwan ke tsaye a kan digiri 22 duk shekara, aka ba ni shaidar da ta ba ni damar sauka har mita 18.

Na kama gurbi a wani jirgin masu nutso na Venice a watan Mayu, nutso biyu tare da hayar kaya a kan abin da ya haura dala 150. Daren da za a tafi aka aiko mini da saƙo cewa an fasa saboda iska, aka mayar da ni mako biyu gaba. Na ji haushi saboda na riga na kama ɗakin kwana, amma matuƙin ya bayyana mini cewa bayan iska ruwan kan zama kamar kunu, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, kuma gara a jira ya kwanta. A farkon Yuni muka fita. Na isa mashigar jiragen bayan na yi sallar asuba a masauki, aka duba katin shaidata, na sa hannu a takardar ɗaukar alhakin kai, aka tambaye ni yaushe na yi nutso na ƙarshe. Na sha maganin jiri tun da dare kamar yadda aka shawarce ni, kuma na ga amfaninsa, domin mutum biyu a cikinmu amai ya hana su shiga ruwa. Ba mu yi rabin awa ba muka tsaya, gari na hango mu muna hango shi. Matuƙin ya ce kowa ya sauka ta igiyar anga, ya ƙara darma a ɗamararsa don ya zauna a ƙasa, ya riƙe alkibla da kamfas, kuma ya dawo jirgi da sauran iskar da ba ta gaza 500 ba a ma'aunin tukunyar da aka cika zuwa 3000.

Nutson farko bai yi kama da komai da na gani a maɓuɓɓugar nan mai haske ba. Ruwan kore ne mai duhu, ba na ganin abin da ya wuce mita biyu, kuma da na isa ƙasa na buga takalman iyo sau biyu sai laka ta tashi ta rufe ni. Zuciyata ta riƙa bugawa, numfashina ya yi sauri, na ji kamar in saki komai in yi sama, wanda shi ne ainihin abin da aka hana mu. Na riƙe igiyar na ƙirga numfashi har ƙurar ta kwanta. Daga nan na fara rarrafe a hankali, fuskata kusa da ƙasa, ina fuskantar inda ruwa ke tahowa don ya kwashe lakar zuwa bayana. Sai idona ya fara gane abin da ya saba gani a Caspersen, wato baƙar tsakuwa a kwance cikin wani ɗan kwari, kuma a cikinta na tsinci ƙananan haƙora da faranti mai layi-layi na bakin kunamar ruwa. Tsoro ya sa na shanye iskata da wuri, na taso bayan minti talatin da 'yan kai, na tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kamar yadda aka koya mana, alhali wasu sun kusa cika awa. A jakata akwai haƙora tara da duwatsu masu yawa da na zaci wani abu ne, matuƙin ya riƙa jefa su ruwa ɗaya bayan ɗaya yana murmushi.

A nutso na biyu jikina ya saki. Na bi wani wuri da ƙasusuwa masu kauri, baƙaƙe masu nauyi kamar guntun taɓarya, suka warwatsu, waɗanda daga baya aka tabbatar mini haƙarƙarin dangin ayu ne. Abokin aikina ya taɓa gaya mini cewa inda nauyayan abubuwa suka taru, nan manyan haƙora ke taruwa, saboda ruwa yana tankaɗe kaya gwargwadon nauyinsu. Ban ga haƙorin gaba ɗaya ba, gefen saiwarsa kawai ya leƙo daga yashi, mai lanƙwasa kamar bakin ƙwarya. Na yi masa fifita da hannu, yashin ya kau, sai ga shi kwance, toka-toka mai duhu, da zanen nan mai kama da kusurwa tsakanin saiwa da jikin haƙori wanda ake gane na megalodon da shi, gefensa kuma da ƙananan tsini kamar zarto. A jirgi aka auna shi a karkace daga tsini zuwa ƙarshen saiwa, kamar yadda ake auna su, ya ba da inci uku da ɗan ɗori, kuma kusurwa ɗaya ta guntule. Manyan da aka taɓa samu sun haura inci 7, don haka nawa ba abin nunawa ba ne a wurin masu abin, amma na riƙe shi har muka iso gaɓa ban sa shi a jaka ba. Guntun haƙarƙari biyu da na ɗauko, matuƙin ya tambaye ni ko ina da takardar izini, na fito da ita daga ledar da na naɗe ta. Wani da muke tare da shi bai da ita, kuma ya ji kunya a gaban mutane a kan abin dala 5.

Saura kaɗan in sake yin wani kuskuren a wannan rana, domin ina da tafiyar aiki ta jirgin sama da daddare. Sai da muke hira a hanyar dawowa aka tuna mini cewa iskar naitirojin da jiki ya tsotsa a ƙarƙashin ruwa tana buƙatar lokaci kafin ta fita, kuma ana so a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya, kafin a hau jirgin sama. Na karanta wannan a kwas, na kuma amsa shi daidai a jarrabawa, amma ban haɗa shi da tikitina ba. Sauya tikitin zuwa washegari da rana ya ci mini kuɗin da ya kusa kai na jirgin ruwan.

Da zan sake farawa, takardar tambayoyin lafiya zan fara nema, domin kyauta ake samunta a intanet, in ga likita idan akwai buƙata, in gwada kaina a iyon mita 200, sannan in biya kuɗin kwas. A wannan rana zan aika da takardar izinin Gainesville, tun da ba ta da tsada kuma tana ɗaukar lokaci. Zan duba kalandar azumi da rahoton jan ruwa kafin in zaɓi wata, in kama ɗakin da za a iya fasawa ba tare da asara ba, in kuma bar kwana ɗaya cur tsakanin nutso da jirgin sama. Ba zan sayi rigar roba da sauran manyan kaya ba sai na tabbatar zan ci gaba, gilashin ido kaɗai ne ya kamata ya zama na mutum, saboda sai ya dace da fuskarsa. Wanda kuma ruwa mai zurfi ba nasa ba ne, ko likita ya hana shi, yana iya zuwa kogin Peace ta wajen garin Arcadia a lokacin rani da ruwa ke ja baya, inda ake tsayawa da shebur da rariya ana tankaɗe tsakuwa, kuma a can ma ana samun na megalodon, sai dai a kula da kadoji. Jimillar abin da na kashe daga kwandon farko zuwa sauya tikiti ya kusa dala 1,200. A farkon 2024 na aika wa gidan tarihin jerin abin da na samu, wato guntun haƙarƙari biyu da wurin da na ɗauko su, kwana 60 suka cika ba a neme su ba, na sabunta takardar da wata dala 5.